Jirgin Da Ba Shi Da Wutsiya

Wannan makon labarin cikin gidana na kawo muku, domin na san ba za a rasa irinsa a gidajenku ba.

Da ƙaramar sallah ƙanin maigidana ya kawo wa autana tsarabar jirgin ƙasa na roba mai batir: kai ɗaya, tarago biyu, da layi mai zagaye. Yaro ya kwana uku ba ya rabuwa da shi, har da muka tashi zuwa Horo Birni gaida kakansa sai da ya cusa shi a jakata. Tsoho ya karɓa, ya jujjuya shi a hannu, ya kalli jikansa ya ce, "Aboki, an cuce ka. Jirginka ba shi da wutsiya. Ina taragon gadi?"

Ni kaina ban san mene ne taragon gadi ba. Mu mutanen Boɗinga da Shagari ba mu tashi da kukan jirgi a kunne ba, domin layin dogo bai taɓa isowa Sakkwato ba. Layin ya isa Kano a 1911, daga baya aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Can ne tasharmu. Baba kuwa ya yi yaron mota yana saurayi, sun sha kai gyaɗa da auduga da fatun jar akuya tasha a babbar mota. Ranar nan ya zauna a kan tabarma ya lissafa wa yaron taragu ɗaya bayan ɗaya: rufaffe na buhuna, buɗaɗɗe mai tamfol, na shanu mai sanduna don iska ta shiga, da tankin mai. A can ƙarshe sai ɗan ƙaramin ɗaki inda gadin jirgi ke zama da birkinsa da tutarsa, da jar fitila a rataye a baya. Idan ma'aikacin tasha ya ga jar fitilar ta wuce, ya tabbata jirgi ya wuce cikakke, babu taragon da ya tsinke a daji.

Tun a hanyar dawowa yaro ya fara: "Inna, ni irin jirgin Kaka nake so." Na ce wannan mai sauƙi ne. Ashe ban san dawan garin ba.

Na zagaya masu kayan wasa a babbar kasuwar Sakkwato, na aika saƙo Kano. Duk abin da ake nuna min iri ɗaya ne, ko dogon jirgin fasinja mai tsinin baki, ko jan jirgi mai fuskar mutum. Na koma intanet, a nan na gano cewa wannan harka ce babba a Ingila da Jamus da Amurka, inda manya masu furfura ke tara ƙananan jiragen da aka kwaikwayo daga na gaske. Kamfanoni irin su Hornby da Märklin da Bachmann sun daɗe suna ƙera su. Na ga taragon kwal na Ingila, na ga jan taragon gadi na Amurka wanda su kansu suka fara daina amfani da shi a shekarun 1980, da aka sa wata na'ura a madadinsa. Amma taragon gyaɗa na Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, hukumar da aka kafa tun 1955, ban samu ko guda ba.

Duk da haka zuciya ta ja ni na yi odar tarago biyu daga wani mai sayarwa, na ce a lallaɓa da su. Da suka iso sai ƙafafunsu suka ƙi hawa layin yaron, maƙalarsu kuma ba ta shiga ta jirginsa. Kuɗin cefanen mako guda ya tafi a banza, mai kaya ya daina ɗaukar waya.

A nan na koyi darasin da nake so ku riƙe kafin ku biya ko sisi. Kowane ƙaramin jirgi yana da ma'auninsa. Wanda ake kira HO an rage girman na gaske sau 87, faɗin layinsa milimita 16.5. Wanda ake kira N an rage sau 160, layinsa milimita 9. Jiragen roba na kasuwa kuwa kowanne da nasa faɗin, shi ya sa taragon wani ba ya hawa layin wani. Haka abin yake a jirgin gaske. Tsohon layinmu na Legas zuwa Kano faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, shi kuwa na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 milimita 1,435 ne, don haka jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Ki auna faɗin layi da rula, ki nemi hoton maƙala, sannan ki yi ciniki.

Da na kai wa Baba kukana sai ya yi dariya ya ce, "'Yata, mu da muka yi motar kara da ta langa-langa, wa ya sayo mana?" Hutun da ya biyo baya a Horo Birni muka yi shi, a ƙarƙashin dalbejiya aka kafa masana'anta. Gwangwanin kifi ya zama buɗaɗɗen tarago, aka ɗinka masa ƙananan buhuna da ƙyallen atamfa aka cika da yashi. Gwangwanin tumatir dogo aka kwantar ya zama tankin mai. Taragon shanu da karan dawa aka yi shi, aka jera ɓawon karan a matsayin sanduna. Aka yanko ƙafafu daga tsohon silifa, tsinken tsire ya zama sandar da ke riƙe su, waya ta zama maƙala. Baba ya yanke kara guda ya ce shi ne ma'auni, duk ƙafafu da shi za a auna, don kada a maimaita kuskurena. Taragon gadi shi aka yi a ƙarshe da kwalin sabulu, da ɗan baranda, da jan dutsen kwalliya na tsohuwar sarƙata a matsayin fitila. Aka shafa wa kan jirgin kore da ruwan ɗorawa.

Kada dai a yi sake da lafiya. Bakin gwangwani babba ne zai danne shi da guduma kafin yaro ya taɓa, wuƙa da reza su zauna a hannunki. Ƙananan ƙafafu da duwatsu a nisanta su daga ɗan ƙasa da shekara 3, domin komai baki yake kaiwa. Batir ɗin nan mai kama da maɓalli shi ya fi haɗari, idan yaro ya haɗiye shi a tafi asibiti nan take, ba a jira.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, kwana goma yaron nan bai tambayi wayata ba. Ya koyi awo da rula ba tare da bulala ba, yana iya jera tashoshi daga Zariya zuwa Ƙaura, kuma ya ji labarin ƙuruciyar kakansa da ni surukarsa ban taɓa ji ba. Tsofaffin da suka ga waɗannan taragu da idonsu suna ƙarewa, in ba jikoki suka tambaya ba da labarin za su tafi. Yanzu da ake aikin layin Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, yaranmu za su ga sabon jirgi in Allah ya so, yana da kyau su san wanda ya riga shi.

Taragun nan biyu na oda suna nan a kan kabad. Na kwali kuwa har gado ake kwana da shi.

Ku fa, akwai tsohon da ya taɓa hawa jirgi ko ya yi aikin tasha a danginku? Ku tura yara su tambaye shi, sannan ku ba mu labari a ƙasa. Allah ya raya mana zuri'a, ya sa musu albarka. Sai mako mai zuwa.