FILIN 'YAN MATA: Na'urar POS da Sirrin Lambarki

A wannan fitowa hirarmu a kan kuɗi ce, ko da yake soyayya za ta leƙo kafin mu ƙare.

Duk wadda ta san Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa kan hanyar Katsina, ta san kasuwa ce ta gaske, har ana kiranta babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. Masara, gero, dawa, wake, riɗi da zoɓo, ga fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru. A da, ɗan kasuwa kan zo da kuɗinsa cikin jaka, a zauna a yi ta ƙirga har yatsa ya gaji. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya sa Kano cikin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi, amma mu dai muka ci gaba da ƙirgarmu.

Sai a ƙarshen 2022 aka sauya fasalin takardun Naira 200 da 500 da 1,000. Wayyo Allah! A farkon 2023 kuɗi suka ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Manomi zai kawo buhunsa daga ƙauye, ya karyar da farashi ga duk mai tsaba a hannu. Ranar 3 ga Maris, 2023 Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma kafin nan mutane sun riga sun saba da kati da taransifa. Na'urorin Moniepoint da OPay suka cika rumfuna, har mai shayi ya mallaki tasa.

To ina ruwanmu mu mata? Da ruwanmu kuwa! Su waye ke bakace da tsintar riɗi da zoɓo a Dawanau? Su waye ke sayar da shinkafa da wake, kunun zaƙi da awara? Ga masu kitso, lalle da ɗinki a cikin gidaje. Yau mai saye zai ce miki, "Hajiya, ba ni da canji, kina da POS?" In kika ce babu, ciniki ya wuce gaba.

Aikin na'urar ba wuya. Akwai layin waya a cikinta. Mai saye ya sa katinsa, ya danna lambobin sirrinsa guda 4, na'ura ta tambayi bankinsa, in akwai kuɗi su faɗa asusunki, rasit ya fito. Kamfani yana cire ɗan ladansa a kan ciniki, don haka ki tambaya nawa ne tun kafin ki karɓa. Wani lokaci sabis kan yanke, a cire kuɗin mutum alhali ba su shigo miki ba. Kada ki yi rigima, kada kuma ki ba da kaya. Ku riƙe rasit, ya bi bankinsa. Haka nan mai taransifa: kada ki yarda da saƙon da ya nuna miki a wayarsa, don akwai alat na ƙarya. Sai kin ga kuɗi a naki asusun da idonki.

Yanzu ga inda nake son ku buɗe kunne da kyau. Asusun ya zama da sunanki, lambar sirri kuma ta zauna a ƙirjinki. Akwai wata yarinya a unguwarmu mai sana'ar turaren wuta, wallahi yarinya mai himma. Wata da watanni tana tarin kuɗin kayan ɗakinta don ta rage wa mahaifiyarta nauyi. Saurayinta ya ce, "Haba masoyiyata, akwai ɓoye-ɓoye tsakaninmu ne?" Ta ba shi kati, ta ba shi lamba. Yau ya ranci dubu biyar, gobe dubu goma, ranar da magana ta watse ko sisi ba ta tarar ba. Wa za ta kai ƙara, ita da ta ba da lambar da bakinta?

'Yar'uwa, mai sonki tsakani da Allah ba zai nemi lambarki ba, zai ma yi miki faɗa in ya ga kina danna ta a gaban mutane. Addininmu ya ce dukiyar mace tata ce. In kin ga dama ki yi kyauta, amma ke za ki ciro ki miƙa da hannunki.

Buɗe asusu yana buƙatar lambar BVN ko NIN. Ke 'yar makaranta da ba ki kai shekara 18 ba, ki haɗa kai da Umma, kada ki ari asusun wani namiji a waje, komai kirkinsa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ina jiran wasiƙunku a kan wannan batu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.