Buhun Taki da Darajar Audugarmu

Duk wanda ya ratsa ƙasar Funtuwa ko Malumfashi ko Gusau a cikin hunturu, lokacin da gonaki suka yi fari fat ana tsinkar auduga, ba zai rasa jin kukan manoma ba, cewa wahala ta yi yawa alhali kuɗin bai taka kara ya karya ba. Galibi akan ɗora laifin a kan dillalai, ko mutuwar masaƙun Kaduna da Kano, ko atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a musa. Amma akwai wani sababi da ba a faye ambatonsa ba sabili da ƙanƙantarsa a ido, shi ne buhun ledar nan na takin zamani wanda ake tsinkar auduga a cikinsa, a ɗaure bakinsa da igiyar leda, a kai kasuwa.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa a kasuwar duniya ba nauyi kaɗai ake saye ba. Mai masaƙa yana duban tsawon silin auduga, da ƙarfinsa, da ƙosawarsa, da farinsa, da tsabtarsa, domin sili mai tsawo da ƙarfi shi ke ba da siririn zaren da ake saƙa shadda da shi, gajere kuwa sai zare mai kauri. Ma'aunin farashin da ake kira Cotlook A, wanda 'yan kasuwa ke dogara da shi, an gina shi ne bisa auduga matsakaiciya mai tsawon inci 1 da 1/8. Wadda ta fi ta sai a ƙara mata kuɗi, wadda ta gaza sai a rage.

To, ganye da ƙasa da ɓawo duk injin gurza da injunan masaƙa suna iya kakkaɓe mafi yawansu, amma leda sha'aninta dabam ne. Idan zare ɗaya ya warware daga bakin tsohon buhu ya shiga cikin auduga, haƙoran injin gurza ba za su fitar da shi ba, sai dai su yayyaga shi ya zama ƙananan silla masu ɗimbin yawa, farare kamar audugar kanta, waɗanda za su bi dila har masaƙa, a kaɗa su cikin zare, a saƙa su cikin yadi, ba tare da ido ya gan su ba; sai ranar da aka kai yadin rini, auduga ta sha launi, leda kuwa ta ƙi sha, sannan aibin ya bayyana layi-layi a jikin tufa, bayan an riga an kashe kuɗin kaɗi da saƙa da rini. Hasarar da ake yi a wannan mataki ta ninka kuɗin audugar sau da yawa, kuma wanda ya taɓa yin ta ba ya mantawa da ƙasar da kayan ya fito.

Abin takaici shi ne, audugar da aka tsinka da hannu bisa asali ta fi wadda inji ya girba tsabta, domin hannu yana zaɓe, inji kuwa haɗawa yake yi har da ganye. Duk da haka masu masaƙa sun fi sakin jiki da ta Amurka da Ostareliya, wadda inji ke girba, saboda sun amince da ita. Ƙungiyar masu masaƙu ta duniya, ITMF, mai mazauni a Zurik, takan tambayi masaƙu a kan gurɓatar auduga, kuma sunan Nijeriya ya sha fitowa cikin waɗanda aka fi kuka da su. Da zarar suna ya ɓaci, hukunci yakan hau kan kowa, a rage kuɗin dilar mai tsabta tare da ta mai sakaci.

Da ba haka al'amarin yake ba. Tun zamanin kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, wanda mutanenmu ke kira Bisije, har zuwa zamanin hukumar cinikin auduga, ba a sayen auduga sai a fuloti, wato kasuwar auduga, inda malamin dubawa zai zazzage ta ya raba lamba ɗaya da lamba biyu, kowace da kuɗinta, har ya zama manomi yana zama da iyalinsa suna tsince dattin kafin a fita da ita. Ba ina yabon hukumar nan ba ne a kan komai, domin ta daɗe tana biyan manomi ƙasa da haƙƙinsa. Amma da aka rushe ta a 1986 sai aka zubar da dubawar tare da ita, iri ya cakuɗe a gidajen gurza duk da ƙoƙarin cibiyar bincike ta Samaru, mai saye ya koma biyan farashi ɗaya bisa sikeli. Wanda aka nuna masa cewa nauyi kaɗai ake biya, me zai sa ya ɓata yininsa yana tsinta? Daga nan ne masu raunin imani suka ƙara da yayyafa ruwa da zuba yashi, mai saye shi kuma ya rage farashin kowa don ya fanshe.

Malamanmu ba su bar wannan babi ba. Hadisi ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, ya yi inkarin ɓoye shi. Kuma duk almajirin da ya karanta babin ciniki a Risala ya san cewa algus da ɓoye aibi da cakuɗa mummuna da kyakkyawa haramun ne. Sai dai adalci ya wajabta a bambanta mai zuba yashi da gangan da talakan da ba shi da wani mazubi illa buhun taki. Na farko wa'azi da hukunci yake bukata, na biyu kuwa taimako.

Saboda haka ina kira ga masu gidajen gurza da gwamnatocin Katsina da Zamfara da Kaduna da Gombe, su raba wa manoma buhunan yadin auduga kafin a fara tsinka, su hana karɓar wadda ta zo cikin leda, su kuma mayar da dubawa a wurin saye, ta yadda mai lamba ɗaya zai karɓi ƙarin kuɗinsa a hannu tun a ranar da ya sayar.