Tsohon Direba Da Idanunsa

A tashar Ogere, kan hanyar Ikko zuwa Badun, akwai dattawan direbobin tirela waɗanda tun kafin a buɗe hanyar nan a 1978 suke harkar mota. Gwaninta kam ba a magana. Abin baƙin ciki shi ne waɗansunsu yanar ido ta kama su. Da dare fitilun motocin da ke tahowa su dallare musu ido, sai yaron mota ke faɗa musu ga rami, ga mota a tsaye. Suna ɓoyewa ne don gudun kada maigida ya karɓe makulli, ga iyali a Arewa suna jiran aike.

Wannan tsoro ba abin rainawa ba ne. Amma yana, ɗan aiki likita ke yi ya cire ta, mutum ya koma sitiyari. Hawan jinin ido kuwa, abin da ya ci ba ya dawowa, kuma daga gefe yake somawa, inda mai babur ke ɓullowa.

Ya kamata shugabannin direbobi da sarakunan Hausawa na Sabo da Agege su sa a riƙa auna idanun dattawan nan kowace shekara. Wanda aka yi wa aiki kuma, a ajiye masa motarsa har ya warke.