Direban Da Aka Kama Sau Biyu Cikin Maye

A wannan mako za mu leƙa kudancin Jihar Kaduna, domin mu tattauna wata magana da kan taso duk ƙarshen shekara, sa'ad da hanyoyin Kafanchan suka cika maƙil da motoci. Daga tsakiyar Disamba har zuwa ranar 1 ga Janairu, watau ranar bikin Afan na Kagoro, mutanen yankin kan komo gida daga Abuja da Kaduna da Jos, ga bukukuwan aure, ga kuma manyan motoci masu jigilar citta daga Kwoi da Kachia. A wannan lokaci ne ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya kan tsananta sintiri, kuma cikin direbobin da akan tsare bisa zargin tuƙi cikin maye, ba a rasa wanda wannan ne karonsa na biyu ko na uku.

Da zarar labari ya isa gida, abin da dangi ke fara tambaya shi ne yadda za a yi kada sunan ɗansu ya shiga littafi. A tashi kawu, a tashi baffa, a nemi wanda ya san wani, a tafi roƙo a rufa asiri. Da wuya ka ji mai tambayar yadda aka yi aka sake miƙa masa mabuɗin mota bayan kamun farko.

Bari mu fara da abin da doka ta ce. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, aka kuma sabunta dokarta a 2007. Wannan doka ta 2007 ta yanka wa mai tuƙi cikin maye tarar Naira 5,000, ko ɗauri wanda bai wuce shekara biyu ba, ko kuwa a haɗa masa duka biyun. Amma wanda ya yi tuƙin ganganci har ya kashe rai, hukuncinsa yana iya kaiwa shekara bakwai a gidan kaso. To, a ma'aunin dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015, babban laifi shi ne wanda doka ta kira shi haka, ko wanda ake iya yanke wa mai shi kisa ko ɗaurin shekara uku zuwa sama, ba tare da an dubi ko ya taɓa yin wani laifi a baya ba. Ke nan tuƙi cikin maye kaɗai bai kai wannan matsayi ba, ko da an maimaita shi. Abin da ke tsallakar da mutum daga ƙaramin laifi zuwa babba shi ne gawa a kan titi.

Ba haka abin yake a wasu ƙasashe ba. A Jihar Niyok ta Amurka, wanda aka sake samu da wannan laifi kafin shekara goma su cika, tuhumarsa ta koma ta babban laifi ko bai buge kowa ba. A Jihar Texas kuwa a karo na uku ake yin haka, hukuncin kuma daga shekara biyu ne zuwa goma. A Ingila, inda aka soma aiki da na'urar busa numfashi tun 1967, wanda ya maimaita cikin shekara goma za a hana shi tuƙi na aƙalla shekara uku. Watau su matakala suka gina, kowane kamu yana ɗaga mutum taki ɗaya, don a sauke shi daga mota tun bai kashe kowa ba.

Mu ma a takarda muna da kwatankwacin haka, domin hukumar tana ɗora wa direba maki biyar na laifi a kan tuƙi cikin maye, kuma idan maki suka taru ana iya dakatar da lasinsa ko a karɓe shi. Sai dai matakala ba ta da amfani idan ba a rubuta takin farko ba. A ce 'yan sanda ne suka tsare mutum a hanyar Zonkwa bara, ma'aikatan KASTLEA na jiha suka tsare shi a Kaduna bana, sannan ma'aikatan kiyaye haɗurra suka same shi a hanyar Gidan Waya. Muddin an kashe maganar a bakin titi a karo na ɗaya da na biyu, to, ranar da ya tsaya gaban majistare a Kafanchan, a idon shari'a sabon mai laifi ne fil, har lauyansa ya roƙa masa sassauci a kan haka. Ita kanta tarar ta zama abin dariya. A 2007 Naira 5,000 na sayen litar fetur kimanin 70. Bayan janye tallafin mai a 2023, ko lita goma ba ta saya.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tsoron da dangi ke ji na banza ne. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun lasafta samun ma'aikaci da laifi a kotu cikin manyan laifuffukan da ke iya kai shi ga kora, in ban da ƙananan laifuffukan hanya da na tsabta, kuma ba mai hankalin da zai kira ɗaurin wata shida ƙaramin laifin hanya. Mai neman aiki a waje ko bizar zama akan nemi ya kawo takardar shaidar ɗa'a daga 'yan sanda. Ƙasar Kanada ma tun Disamba 2018 ta ɗaga hukuncin tuƙi cikin maye zuwa shekara goma, har ya zama dalilin hana baƙo shiga ƙasar. Ga direban haya kuma, lasinsa shi ne gonarsa. Saboda haka uban da ya tashi tsaye don ya ceci sunan ɗansa, ba a ce masa mugu. Abin da nake cewa shi ne ya duba wanda zai biya bashin wannan rufin asiri: mai babur da ya ɗauko ɗalibai biyu zuwa Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko matar da ta ɗauko doya a ka za ta kasuwa, waɗanda in Allah ya yi da sauran kwana sai dai a kwashe su zuwa asibiti.

A nan ya kamata in ɗan ratse. Akwai masu jin an ambaci maye da kudancin Kaduna sai su gyaɗa kai, wai ai maganar masu burkutu da bammi ce. Wannan kuskure ne. Doka ba ta ce giya kaɗai ba, ta haɗa da ƙwayoyi, kuma direban da ya haɗiye tiramadol a tashar Kano ko ta Zariya don kada ya yi barci, hukuncinsa ɗaya da wanda ya sha kwalba uku a Kagoro. Sai da gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu 2018, saboda yadda shansa ya yi katutu, musamman a biranen Arewa. Hukumar NAFDAC kuma ta sanar da hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe a watan Fabrairu 2024, irin wadda ake sayarwa a bakin tashoshin mota, aka yi ta ja-in-ja da masu kamfanoni. Babu ɓangaren da zai nuna wa wani yatsa.

To, wanda tuhuma ta riga ta hau kansa karo na biyu fa, me zai yi? Tsarin Mulki na 1999 ya ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, kuma yana da haƙƙin ya nemi a nuna wa kotu yadda aka gane yana cikin maye, ko da na'urar busawa ne, ko da gwajin likita, ko kuwa wari kawai aka ji. Ya nemi lauya tun kafin ya amsa ko ya musa. In ba shi da hali, ya tuntuɓi Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa tun 1976. Dokar tarayya ta 2015 ta buɗe ƙofar amsa laifi don neman sassauci, da jingine hukunci, da yi wa jama'a aiki a maimakon zaman kaso, Jihar Kaduna kuma ta yi tata irin wannan doka a 2017. Amma ya sani amsa laifi a gaban alƙali hukunci ne, zai kuma shiga littafi. Abin da ake nema a rage shi ne nauyinsa. Mutumin da ya zo kotu ya riga ya ajiye tuƙi da kansa, ya biya ɓarnar da ya yi, ya kuma kawo takardar asibiti cewa ya soma neman magani, lauyansa na da abin faɗa. Wanda kuwa ya zaɓi ya miƙa na goro a bayan mota, ya tuna dokar ICPC ta 2000 ta tanadi ɗaurin shekara bakwai ga mai ba da hanci, ba ga mai karɓa kaɗai ba. Ya bar laifin shekara biyu ke nan ya rungumi na bakwai.

Ga mahukunta, roƙona bai da yawa. Dokar 2015 ta ce a kafa rajistar masu laifi ta ƙasa, da reshe a kowace rundunar 'yan sanda ta jiha, kotuna kuma su riƙa aika mata da hukuncinsu. A sa laifin tuƙi cikin maye a ciki da lambar lasin direba, yadda majistare a Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi zai san tarihin wanda ke gabansa kafin ya buɗe baki. Shugabannin ƙungiyar direbobi kuwa ba sai sun jira Abuja ba. Sun san 'ya'yansu ɗaya bayan ɗaya, sun san wanda kan leƙa rumfar mai leda kafin ya yi lodi, kuma littafin layi yana hannunsu. Wanda aka kama sau biyu, a cire sunansa daga layi har ya kawo takardar likita.