Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Kafin Mu Ɗora wa Kamfanin Waya Laifi

A watan Satumba na 2021, lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutanen Tsafe sun koyi darasi mai ɗaci. Duk wanda ya jibge takardunsa da hotunansa a intanet ya wayi gari ba shi da hanyar isa gare su. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai da suka ƙara jiran makonni. Wanda bai girgiza ba shi ne mai rumbun ajiya na cikin gida, wato akwatin faifai da ake jonawa da na'urar rarraba layi, kwamfutocin gida ko na ofis su riƙa zuba fayil suna ɗiba ba tare da intanet ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani mai ɗaukar hoton biki a garin namu, wanda ya sayi irin wannan rumbu bayan waccan wahala, amma kwanan baya na tarar yana neman mai saye. Kukansa shi ne bidiyo mai nauyin gigabait 10 na cin kusan minti 15 kafin ya shiga, ga masu aiki na jira. Ya ce laifin kamfanin waya ne. Na ce masa, Malam, fayil ɗin nan ko ƙofar shagonka bai fita ba, ina ruwan kamfani?

Mai karatu, lissafin ba shi da wuya. Saurin layi da megabit ake auna shi, nauyin fayil kuwa da megabait, kuma megabit 8 ne ke yin megabait 1. Layi mai megabit 100 ba ya wuce megabait 11 zuwa 12 a daƙiƙa, wanda shi ne daidai abin da mutumin ke gani. Layi mai megabit 1,000 kuwa yakan kai kusan 110, wato bidiyon ya shiga cikin minti ɗaya da rabi. Sirrin yana cikin kebul: silin waya 8 ne a cikinsa, kuma babban gudun na bukatar dukkansu. Idan ɗaya ya tsinke, ko mai haɗawa ya matse kan da ganganci, na'urorin kan koma 100 shiru, ba su faɗa wa kowa ba. Da muka sauya kebul, magana ta ƙare.

Ba kullum ne kebul ke da laifi ba. Tsohuwar na'urar rarraba layi na iya zama mai ramukan 100 kawai. Wi-Fi kuma katangar bulo na raunana shi, don haka babban aiki a yi shi da waya. Hotuna ƙanana dubu sun fi fayil guda mai nauyinsu jinkiri, domin kowanne sai an buɗe masa rajista. Gara a ɗaure su ƙunshi ɗaya. Sannan ga namu na gida: ƙurar hunturu na toshe fanka, zafin bazara na gasa faifai, ɗaukewar wuta ba zato kuma na tilasta wa rumbun ya shafe sa'o'i yana binciken kansa. Ƙaramin batirin ko-ta-kwana ya fi sabon faifai araha.

Ƙa'idar dai ɗaya ce: a sauya abu ɗaya, a gwada da fayil ɗaya, a duba agogo, kafin a taɓa na gaba.

Kirana ga masu makarantu da asibitoci da shagunan buga takardu, daga Tsafe zuwa Bungudu, shi ne kada jinkirin da kebul guda ke magancewa ya sa su watsar da rumbunsu. A ajiye kwafi a intanet, a ajiye a gida. Kakanninmu ba su taɓa rushe rumbu don bakinsa ya yi ƙunci ba. Gyara shi suke yi, domin sun san ranar da kasuwa ba za ta ci ba.