Matan Romawan dā da 'yancin da lissafin maza ya ba su 🧵

1/ Jama'a ku matso, yau zaren tarihi ne. Duk sanda aka tayar da gardamar matsayin mata a nan, sai wani ya jefo "ai tun zamanin Romawa mata ke da 'yanci", wani kuma ya ce "ina! bayi ne kawai". Ni dai ga nawa ra'ayin: matar Roma ta samu abubuwa da yawa, amma da wuya ka nuna ɗaya da aka ba ta domin ita. Lissafin maza ne ya biyo ta kanta.

2/ Romawan birnin Rum na Italiya nake nufi, zamanin su Kaisar, kada a haɗa da Rumawan Kustantiniyya na baya. Inda kuka ga KM, kafin Miladiyya ke nan.

3/ Mu fara da suna. Namiji ɗan babban gida sunaye uku gare shi, kamar Gaius Julius Caesar. Mace kuwa sunan zuri'ar ubanta kawai ake juyawa a maƙala mata. 'Yar gidan Julius ita ce Julia, ta gidan Cornelius Cornelia, 'yar Marcus Tullius Cicero kuma Tullia. In an haifi ta biyu fa? Ita ma Julia. Sai a ce Babba da Ƙarama, ta uku a kira ta Tertia, wato "ta uku". Ku duba fa, lamba aka ba yarinya.

4/ Uba a dokarsu shi ne komai. Ikonsa a kan 'ya'yansa, maza da mata, ba ya ƙarewa sai ya mutu. Doka ta yarda a aurar da yarinya tun tana shekara 12, kuma a manyan gidaje auren siyasa ne, uba ke zaɓa.

5/ To ga inda abin ya fara daɗi. Aure iri biyu ne. A tsohon salo, amarya takan fita daga hannun ubanta ta koma hannun miji, ita da duk abin da ta mallaka. A doka matsayinta kamar na 'yarsa ne. A salo na biyu kuwa, tana gidan miji, tana haifa masa 'ya'ya, amma a doka tana nan 'yar gidan ubanta. Zuwa ƙarni na ɗaya KM wannan na biyun ya kusan cinye na farko.

6/ Har wata dabara suke da ita tun da daɗewa: idan mace ta kwana uku a jere a wajen gidan mijinta kowace shekara, ikon miji ba ya hawa kanta. Ganin gida na kwana uku, amma da lauya a ciki 😅

7/ Ribar wannan salo ga mace babba ce. Ranar da ubanta ya mutu ta zama mai cin gashin kanta. In bai bar wasiyya ba, rabonta daidai yake da na ɗan'uwanta namiji. Gonarta tata ce, gidajen hayarta nata ne, miji ba shi da hannu. Terentia matar Cicero da kanta take juya dukiyarta. Saki ma mai sauƙi ne, kowane ɓangare na iya kashe auren.

8/ Amma ku tambayi kanku, wa wannan tsari ya fi yi wa amfani? Uba da 'yan'uwanta maza. In ta koma hannun miji, dukiyar ta bar gidansu ke nan har abada. In tana nan a matsayin 'yarsu, dukiyar na cikin zuri'a. Shi ya sa doka ta hana miji da mata su yi wa juna babbar kyauta, kada arziƙin wannan gida ya sulale zuwa wancan ta hanyar soyayya.

9/ Wani bambanci da namu: a wurinsu gidan amarya ne ke kai wa ango dukiya, ba ango ke biyan sadaki ba. Ya fi kama da kayan ɗaki da gara, sai dai nasu kuɗi ne da filaye, kuma in aure ya mutu dole ya mayar. 'Ya'ya kuwa na uba ne. Ta tafi da kuɗinta, ta bar yaran da ta haifa.

10/ Kuma ko ta kai shekara hamsin, doka ta ce sai da waliyyi namiji zai sa hannu a manyan harkokinta, kamar sayar da fili ko rubuta wasiyya. Hujjarsu wai mace ba ta da nauyin hankali. Wani masanin dokarsu, Gaius, a ƙarni na biyu Miladiyya, da kansa ya rubuta cewa bai ga wani ƙwaƙƙwaran dalili a wannan ba, tunda matan su ke tafiyar da al'amuransu, sa hannun ya zama na cika ƙa'ida.

11/ Ƙuri'a babu. Kujerar majalisa babu. Alƙalanci babu. Daga farkon jamhuriya har faɗuwar daular, wannan ƙofar ba ta taɓa buɗewa ba.

12/ Yanzu labarin da na fi so. A 216 KM Hannibal ya yi wa sojojin Roma kaca-kaca a Cannae. Shekara ɗaya bayan nan aka kafa dokar Oppia: mace ba za ta riƙe zinariyar da ta wuce rabin oza ba, ba za ta sa tufafi masu ado na alfarma ba, ba za ta hau keken doki a cikin gari ba sai don hidimar addini. An ce yaƙi ake, kowa ya yi haƙuri. Yaƙi ya ƙare a 201 KM, Roma ta ci nasara, ganima ta shigo, amma dokar tana nan daram.

13/ A 195 KM matan suka gaji. Suka fito suka cika hanyoyin da ke shiga dandalin gari, suna tare maza masu ƙuri'a suna yi musu magana, wasu ma daga ƙauyuka suka zo. Cato, wanda ke kan babbar kujerar mulki a shekarar, ya hau ya yi ta faɗa cewa maza sun kasa riƙe matansu a gida. Washegari matan suka yi dafifi a ƙofar wakilai biyun da suka ce za su hana soke dokar, ba su tashi ba sai da suka janye. Aka soke ta.

14/ Wasu za su ce ai kan gwala-gwalai suka yi zanga-zanga. E, amma zinariya ita ce asusun mace a lokacin, ita ce kuma hanyar da take nuna matsayinta tunda ba ta da rawani ko muƙami. Kuma maza ba su manta ba: a 169 KM aka kafa dokar Voconia da ta hana attajirai na sahun farko su naɗa mace magajiyarsu a wasiyya. Cato ɗin nan dai ya goyi bayanta.

15/ Sai Hortensia, 42 KM. Octavian da Antony da Lepidus na neman kuɗin yaƙin basasa, suka ɗora haraji a kan mata attajirai 1,400. Matan suka kutsa dandali, Hortensia ta yi magana a madadinsu. Gundarin maganarta: don me za mu biya kuɗin yaƙin da ba mu da baki a cikinsa, alhali ba mu da rabo a mulki? Aka tura dogarai su kore su, jama'a suka yi ihu, dogarai suka ja da baya. Kashegari aka rage adadin zuwa 400.

16/ Ku lura, sau biyun nan da muka ji muryarsu a fili, dukiya aka taɓa. Ita kaɗai ce abin da doka ta yarda nasu ne, don haka a kanta kaɗai suke da bakin magana.

17/ Octavian ɗin ne ya zama Augustus, kuma shi ya fito da lissafin ƙarara. Yana son manyan gidaje su hayayyafa, sai ya yi doka: 'ya mace da ta haifi uku ta kuɓuta daga waliyyi, 'yantacciyar baiwa sai ta haifi huɗu. Wato da naƙuda ake sayen 'yancin, a zamanin da haihuwa ke kashe mata ba ƙaƙƙautawa. Tullia 'yar Cicero ma bayan haihuwa ta rasu, a 45 KM.

18/ Dokarsa ta zina ta 18 KM ma gefe ɗaya ta fi danna. Matar aure in an kama ta, ta rasa rabin dukiyar aurenta da sulusin abin da ta mallaka, a kai ta tsibiri. Miji in ya nemi baiwarsa ko karuwa, doka ba ta kira shi zina ba. 'Yarsa tilo, Julia, ya aurar da ita sau uku don gyara gadon sarauta: Marcellus, Agrippa, Tiberius. Ta haifa wa Agrippa biyar. A shekara ta 2 KM ya kore ta zuwa tsibirin Pandateria kan zargin zina, ba ta ƙara zama a Rum ba har ta mutu.

19/ Na san za a kawo min Livia matar Augustus, mai faɗa a ji a fada. Gaskiya ne, amma ta kunnen miji da na ɗa take mulkin. Za a kawo 'yan matan Vesta shida masu tsaron wutar gari, da ba su da waliyyi, suke da wurin zama na musamman a wajen wasanni. An ɗauke su tun suna shekara 6 zuwa 10, hidimar shekara 30, wadda aka samu da namiji a binne ta da rai.

20/ Duk waɗannan fa 'ya'yan manya ne. Baiwar da ke yi wa uwar ɗakinta kitso ba ta da aure a idon doka, ɗan da ta haifa bawa ne, ana iya sayar da shi gobe. Kuma sau da yawa mai sayarwar mace ce 'yar'uwarta, ɗaya daga cikin waɗancan masu "'yanci". In ana yabon matan Roma a riƙa faɗin wace ake nufi.

21/ Talakawan 'ya'ya kuwa aiki suke: ungozoma, masaƙa, masu sayar da abinci. A Pompeii, garin da aman dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, wata attajira Eumachia ta gina katafaren gini a dandalin gari da kuɗinta, masu wankin tufafi suka kafa mata mutum-mutumi.

22/ A wani titi na garin kuma akwai shagon abinci da abin sha da ake dangantawa da wata Asellina. A bangonsa har yau ana karanta tallan 'yan takara da sunayen mata a jiki: Asellina, Maria, Aegle, Zmyrina, suna roƙon a zaɓi wane da wane. Babu ɗaya cikinsu da ke da ƙuri'a. A ɗaya daga cikin tallan, wani ya bi da farar ƙasa ya shafe sunan Zmyrina, ya bar na ɗan takarar.