Mutuwar da Ba Ta da Kabari: Ƙorafi a Kan Taurarin Anime

A duk lokacin da musun anime ya kaure a ɗakunan kwanan ɗalibai, wato zanen nan mai motsi na ƙasar Japan, tambaya ɗaya ake ta nanatawa: wa zai kayar da wa? Mu dai a ganinmu wannan tambaya ta filin dambe ce. Abin da ya kamaci manazarcin adabi ya tambaya shi ne, me tauraro ya rasa kafin labari ya ƙare, kuma me rashin ya mayar da shi?

Alal misali, mu dubi Dragon Ball Z, wanda aka gina bisa labarin Akira Toriyama, aka kuma nuna daga 1989 zuwa 1996 cikin kashi 291. Sau biyu Goku yana mutuwa, sau biyu yana dawowa. A duniyar nan tasu, in an tara ƙwallaye bakwai sai wani ƙaton dodo ya fito ya biya buƙata, har da tayar da mamaci. To, ina amfanin hawayen mai kallo? Gashin Goku ya koma ruwan zinare, ƙarfinsa ya ninka, amma halinsa na nan jiya i yau. Gizo ma ba ya sake hali, gaskiya ne, sai dai shi tatsuniyar dare ɗaya ce, bai taɓa cinye wa kowa shekara bakwai ba.

Naruto ya ɗara, tun da malaminsa Jiraiya ya mutu bai dawo ba. Amma ko a nan an yi tuya an manta da albasa. Pain ya ragargaza garin Konoha, Kakashi ya mutu, sai ga shi daga baya an tayar da duk waɗanda suka halaka a harin. Marubucin ya ci bashin baƙin cikinmu, ya ƙi biya.

Sai mu juya ga Fullmetal Alchemist: Brotherhood, na 2009 zuwa 2010, kashi 64, daga alƙalamin Hiromu Arakawa. 'Yan'uwa biyu, Edward da Alphonse, suka yi yunƙurin tayar da mahaifiyarsu ta hanyar alkimiyya, wato ilimin juya wani abu ya koma wani. Dokar ilimin kuwa ita ce, ba a samun abu sai an ba da kwatankwacinsa. Edward ya rasa ƙafar hagu, ƙanensa ya rasa jiki ɗungurungum, har sai da wan ya ba da hannun dama kafin ya ɗaure ran ƙanen a jikin sulke. Uwar ba ta dawo ba. Maes Hughes, abokin tafiyarsu da aka harbe, shi ma bai dawo ba, kuma 'yarsa ƙarama tana tsaye aka rufe kabarinsa.

Zubin ƙarshen shi ne abin lura. Yaron da ya fara labari yana taƙama da iliminsa, shi ne ya miƙa ilimin baki ɗaya domin ya fanso jikin ƙanensa. Jigon da aka shuka tun a kashin farko, shi aka girbe a na ƙarshe, ba a aro wani sabon sihiri daga sama ba.

Za a ce mana ai don yara ake yin waɗannan abubuwa, ba a son a bar su da kuka. Wannan hanzari ba ya tsayawa. Duka ukun daga mujallun samari suka fito, biyu daga Shonen Jump, na Arakawa daga Shonen Gangan, masu karatunsu kuma sa'o'in juna ne. Arakawa ta yarda yaro zai iya ɗaukar rashi, ta kuwa ɗora masa. A kashi na ƙarshe Edward ya hau rufin gida zai yi gyara, ya tafa hannu kamar yadda ya saba in zai yi alkimiyya, babu abin da ya motsa. Ƙafarsa ta hagu kuma har lokacin ta ƙarfe ce.